Judi Dench da garuruwan da suka ƙera ta kafin Landan ta tafa

Yawancinmu a fim muka san Judi Dench. Ita ce gajeruwar dattijuwar nan mai furfura da ke ba James Bond umarni tun daga 1995 har 2012, tana kallonsa kamar uwar da ɗanta ya ƙi jin magana. Wasu sun ji labarin kyautar Oscar da ta karɓa a 1999 saboda fitowar da ba ta wuce kimanin minti 8 ba, a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Amma in ka zauna da tsofaffin masu sharhin wasan kwaikwayo na Ingila, za su ce maka fim duk gyara ne aka ɗora a kan ciniki. A wurinsu ita 'yar dandamali ce. Yabon da suka fi tinƙaho da shi kuwa sun yi shi ne kan wani wasa da aka fara a 1976, cikin wata rumfar kwano a garin Stratford, wadda ba ta cin mutum 200.

Wasan shi ne Macbeth na Shakespeare, ita kuma ta fito a matsayin matar Macbeth, wadda ta zuga mijinta ya kashe sarki. Michael Billington na jaridar Guardian ya rubuta cewa in wannan ba gwaninta ba ce ta ƙoli, to shi bai san abin da ake kira gwaninta ba. J. C. Trewin, wanda ya tsufa yana kallon wasanni, ya ce zai yi mamaki in wata daga cikin tsararrakinta ta kamo ta a nan.

Irin wannan magana tana da nauyin da ba ta da shi a harkar fim, saboda dalili guda. Fim yana nan. Wanda bai yarda da mai sharhi ba sai ya kunna ya gani da idonsa. Wasan dandamali kuwa da an kashe fitila ya tafi. Gobe a sake yinsa, amma ba na jiya ba ne. Bayan shekara 50 abin da ke saura shi ne hotuna, da takardar shirin wasa, da guntun jarida. Ke nan mai sharhi ba ɗan kallo ba ne kawai, shi ne shaidar da tarihi zai kira. Wanda bai je ya gani ba, ko ya je bai rubuta ba, ya binne wasan. Shi ya sa ya kamata a tambaya: su wa ke rubuta yabon, ina suke zaune, kuma ina suke yarda su taka?

Mutanen nan da suka ɗaga ta sama a 1976, magabatansu a sana'a ne suka yi mata kaca-kaca shekara 19 kafin nan. An haife ta a York a 1934. Mahaifinta likita ne, shi ke duba 'yan wasan gidan Theatre Royal na garin, mahaifiyarta kuma tana ɗinka kayan wasa, don haka ta tashi 'yan wasa na shige da fice a gidansu. A 1957, tana fitowa daga makarantar koyon wasa, kamfanin Old Vic na Landan ya ba ta fitowar Ophelia a cikin Hamlet na Shakespeare. Babbar fitowa ce ga yarinya 'yar shekara 22. Masu sharhin Landan suka ce Old Vic kamar gidan wasa na ƙasa yake, bai kamata a miƙa wa ɗanyar ɗaliba irin wannan matsayi ba. Da kamfanin zai tafi Amurka da wasan, sai aka karɓe Ophelia aka ba wata. Darakta Michael Benthall bai kore ta ba. Ya bar ta cikin kamfanin tana ƙananan fitowa tana kallon manya. Bahaushe na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma dai a wannan Larabar masu idon ganin ba su gano komai ba.

Ko a 1960, da ta yi Juliet a ƙarƙashin daraktan nan ɗan Italiya Franco Zeffirelli, yawancin jaridu kushewa suka yi, suna ƙorafin cewa matasan sun yi wa baitocin Shakespeare riƙon sakainar kashi. Sai da Kenneth Tynan na jaridar Observer ya fito ranar Lahadi ya yaba, sannan layin sayen tikiti ya miƙe. Alƙalamin mutum ɗaya ya juya makomar wasa sukutum. A riƙe wannan, domin yana nuna yadda kasuwar yabo take da ƙunci.

Wanda ya yi Hamlet a 1957 ɗin nan shi ne John Neville, tauraro a lokacinsa. A farkon shekarun 1960 ya yi abin da ya ba mutane mamaki: ya bar Landan da sunanta da kuɗinta ya koma Nottingham, garin masana'antu mai nisan kusan awa biyu a jirgin ƙasa, ya zama ɗaya daga cikin shugabannin gidan wasan Playhouse. Judi Dench ta bi sahu a farkon 1963. Ta riga ta yi Old Vic, ta yi kamfanin Royal Shakespeare, wato ba rashin aiki ne ya kai ta ba.

Sai an fahimci yadda irin waɗannan gidaje ke aiki kafin a gane abin da ta je nema. Tsarin ya samo asali ne tun farkon ƙarni na 20: Annie Horniman ta kafa nata a Manchester a 1908, Liverpool ta biyo a 1911, Barry Jackson ya gina na Birmingham a 1913. Gari yana da gidan wasansa, gidan yana da 'yan wasansa na dindindin da aka ɗauka na tsawon kaka guda ko fiye, su ne za su yi duk wasannin da aka tsara. A ƙananan gidaje mako-mako ake sauya wasa. Da dare kana yin na wannan mako, da safe kana gwajin na mako mai zuwa, tsakanin la'asar da magariba kana haddar kalmomi. Manyan gidaje irin Nottingham, da suka samu tallafin hukumar Arts Council da aka kafa a 1946, suna da sararin makonni na gwaji, amma dokar ɗaya ce: yau ke sarauniya ce, jibi ke baiwa ce, gata ke tsohuwa ce mai sanda. Kuma 'yan kallon su ne dai na jiya. Matar da ta gan ki kina kuka a watan jiya ita ce za ta zo ta ga ko za ki iya ba ta dariya, gobe kuma ku haɗu a layin sayen burodi. Duk wata dabara da kika maimaita sau biyu, ta gane ta.

A nan ne labarin ya ratso ta wajenmu. A 1963 hukumar British Council ta ɗauki nauyin kamfanin Nottingham ya zagaya Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da Saliyo. Cikin wasannin da suka kawo akwai Macbeth, da kuma Twelfth Night, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa daga baya da sunan Daren Sha Biyu. Neville ne Macbeth, Judi Dench ce matarsa. Wato karon farko da ta ɗauki fitowar da za ta zama kambinta, 'yan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda suka fara yi mata alƙalanci, da yawansu ɗalibai masu karanta littafin don jarrabawa.

Ta sha ba da labarin abin da ya faru. Akwai wurin da matar Macbeth ke yawo cikin barci, hankalinta ya gushe saboda jinin da ke wuyanta, tana cewa hakimin Fife yana da mata, yanzu ina take? A Turanci sunan Fife da kalmar da ke nufin matar aure suna ƙarewa da amo ɗaya. Tana faɗin haka sai wuri ya ɓarke da dariya, har da masu neman a maimaita. A Ingila ana yawan ba da wannan labari a matsayin abin raha, wai 'yan kallon ba su san inda ake dariya da inda ake shiru ba. Ni ban ga haka ba. Kunnen da ya tashi cikin waƙa ba ya barin ƙafiya ta wuce bai amsa ba, kuma a wurinmu ɗan kallon da ya yi gum kamar an aiko masa da mutuwa, ai wasan ne bai kai gare shi ba. Su kansu 'yan kallon zamanin Shakespeare a tsaye suke kallo, suna ci suna sha suna mayar da magana. Shirun coci da ake yi a gidajen wasan Turai al'ada ce da ta zo daga baya. Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne abin da irin wannan dare ke koya wa 'yar wasa mai shekara 28: cewa shiru ba haƙƙinta ba ne da za a ba ta don an sayi tikiti. Sai ta ƙwace shi.

Daga 1964 zuwa 1966 ta yi ta kai-komo tsakanin gidan wasan Nottingham, wanda ya tare a sabon gininsa a Disambar 1963, da gidan Playhouse na Oxford a ƙarƙashin Frank Hauser. A Oxford ta yi Irina, autar 'yan'uwa mata uku a wasan Chekhov, mai mafarkin komawa Mosko. Ta kuma yi wata 'yar damfara a wasan barkwanci na Ben Jonson. A Nottingham ta yi Isabella, mai shirin shiga gidan zuhudu da aka ce ta ba da mutuncinta a saki ɗan'uwanta; ta yi Amanda ta Noël Coward, 'yar gayu mai kaifin baki da ta yi kiciɓis da tsohon mijinta a otal; sannan a 1966 ta yi Saint Joan ta Bernard Shaw, 'yar ƙauyen Faransa da ta jagoranci soja aka ƙone ta. A Landan ta wancan lokaci da wuya a ba mace ɗaya wannan jerin cikin shekara uku. Kasuwar West End, unguwar manyan gidajen wasan Landan, irin ta mai sayar da abin da ya karɓu ce: in kika yi nasara a matsayin yarinya mai ban tausayi, haka za a yi ta kiranki har ki yi furfura.

Ga shi kuma ba ta da abin da kasuwar ke nema. Gajeruwa ce, kuma ta sha faɗin cewa wani daraktan fim ya taɓa gaya mata a farkon tashinta cewa babu abin da ke daidai a fuskarta. Muryarta na da wata tsaga, kamar ta mai mura, har ana ba da labarin an taɓa liƙa sanarwa a ƙofar gidan wasa cewa ba ciwo take yi ba, haka muryarta take. Wannan tsagar ce daga baya masu sharhi suka ƙare tawada wajen kwatantawa, domin da ita take iya juya jimla daga dariya zuwa kuka ba tare da ta ɗaga sauti ba. Abin da aka ɗauka aibi ya koma jari, amma ba cikin dare ɗaya ba. Sai da aka yi ta gwada shi dare bayan dare a gaban mutanen da ba sa rubutu a jarida.

To ina masu sharhi a duk tsawon wannan lokaci? Jaridun gari suna rubutawa, amma rubutunsu bai cika fita daga garin ba, kuma mai sharhin ƙaramar jarida yana da tasa matsalar: gobe zai haɗu da daraktan, gidan wasan kuma na ba jaridarsa talla. Manyan masu sharhi a Landan suke. Sukan hau jirgi in wasan na da babban suna a ciki, su kalli daren farko, daren da 'yan wasa suka fi firgita, su aika rubutu cikin gaggawa. Wasan da zai nuna a mako na uku ba su gan shi ba. Hanyar da ta fi tabbas ta samun yabon da zai daɗe ita ce wasan ya yi ƙaura zuwa babban birni. Haka ta faru da The Promise na marubucin Rasha Aleksei Arbuzov, labarin matasa uku da suka haɗu lokacin da aka yi wa Leningrad ƙawanya. A Oxford aka fara shi a ƙarshen 1966, ita da Ian McKellen da Ian McShane, sannan aka kai shi Landan a farkon 1967. Wasa ɗaya, mutane ɗaya, amma sai da ya sauya adireshi aka buga masa hatimi. Shekara guda bayan nan aka ba ta babbar fitowa a wasan kiɗa na Cabaret.

Akwai wani abu da bai kamata a ɓoye ba, ko da zai rage wa labarin zaƙi. Judi Dench ta je Nottingham da sunanta a hannu. Masu sharhin da suka hau jirgi don su gan ta, tsohuwar Juliet ta Old Vic suka je gani, kusa da tsohon Hamlet ɗinsu. Matan da suka shekara 20 suna ɗauke da gidajen wasan ƙananan garuruwa, waɗanda garinsu ya san darajarsu, ba wanda ya hau jirgi dominsu, kuma sunayensu sun tafi tare da 'yan kallonsu. Tsarin kansa ba aljanna ba ne. Albashi kaɗan, ɗakin haya mai sanyi, kuma sauya wasa kowane mako ya koya wa da yawa ha'inci: murya uku, tafiya biyu, a yi ta juya su har ritaya. Don haka in aka ce gidajen wasan larduna ne suka ƙera ta, gaskiya ne, amma maƙerar ba kowane ƙarfe take mayarwa takobi ba.

Mu koma rumfar kwanon. Sunanta The Other Place, ƙaramin ɗakin wasa na kamfanin Royal Shakespeare da wata matashiyar darakta, Buzz Goodbody, ta buɗe a 1974. Stratford ƙaramin gari ne, kodayake sunan kamfanin ya sa masu sharhi ba sa ƙyashin zuwa, wato rabi lardi rabi fada. Trevor Nunn ne ya shirya wasan. Babu fada, babu dawaki, babu labule. Da'ira aka zana a ƙasa, 'yan wasa suna zaune a kan akwatuna a gefenta, wanda lokacinsa ya yi ya shiga, ya gama ya koma ya zauna yana kallo. Ba a ba da hutu a tsakiya. McKellen ne Macbeth. Ita kuma baƙar riga da baƙin ɗankwali, shi ke nan.

Al'adar da aka gada ita ce a yi matar Macbeth doguwa mai ban tsoro, shaiɗaniya tun daga fitowarta ta farko. Judi Dench ta ƙi wannan. Tata macen tana son mijinta ne so mai tsanani, kuma sarautar dominsa take nema. Wurin da take kiran aljanu su cire mata tausayin mata, ba ta yi shi kamar wadda ta saba da su ba. Ta durƙusa ta kira, sai ta zabura ta ja da baya kamar wadda ta taɓa wuta, ta tsorata da abin da bakinta ya jawo. Daga wannan zaɓi komai ya biyo. In mace tun asali dodo ce, haukanta a ƙarshe hukunci ne, ɗan kallo ya ce Allah ya ƙara. In kuwa mutum ce da ta tilasta wa kanta abin da zuciyarta ba za ta iya ɗauka ba, sannan mijin da ta yi dominsa ya daina shawara da ita, to haukan ya zama abin da ake kallo da ƙullutu a maƙogwaro. A wurin yawon barci, da kyandir a hannu, ta saki wani dogon nishi da ya tashi a hankali ya zama kururuwa, ya ƙi ƙarewa. Layin hakimin Fife da matarsa yana cikin wannan wurin. Shekara 13 bayan dariyar da ya jawo, ba wanda ya motsa.

Ba zan ce dariyar 1963 ce ta haifi shirun 1976 kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai horon furta baiti da ta samu wurin John Barton da Peter Hall da Nunn, masu dagewa cewa baitin Shakespeare mai gaɓa goma yana da karinsa, kuma wanda ya san inda layi ya ƙare ya san inda zai ja numfashi, kamar dai yadda mai rera rubutacciyar waƙa ba ya karya kari don ma'ana. Akwai kuma shekaru, da aure, da haihuwa. Amma ƙarfin halin tsayawa taku biyu daga ɗan kallo ba tare da ado ko nisa da za a ɓuya a bayansu ba, wannan a wurin da ɗan kallo ya san fuskarki ake koyonsa. Kalmar Billington ta daren guda ce, abin da ya gani kuwa an shekara kusan 20 ana tara shi, kaso mai yawa a garuruwan da jaridun Landan ke waiwaya jefi-jefi.

Wannan tsani yanzu ya karye. Talabijin ta fara cinye ƙananan gidajen tun shekarun 1950. Riƙe 'yan wasa na dindindin ya yi tsada. Shi kansa Neville saɓani kan kuɗin tallafi ne ya raba shi da Nottingham a ƙarshen shekarun 1960. A da ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ba ta barin sabon shiga ya hau dandamalin West End sai ya yi makonni masu yawa yana aiki a larduna, amma dokokin ƙwadago na zamanin Margaret Thatcher sun rushe ikon ƙungiyoyi na tsare ƙofa. Gidajen suna nan, Nottingham Playhouse na nan tana aiki, sai dai yawanci wasa-wasa ake ɗaukar mutane, a gama kowa ya kama gabansa. A 2012 McKellen, wanda shi ma a gidan Belgrade na Coventry ya fara a 1961, ya yi kukan cewa ba za a sake samun irin su Judi Dench ba tunda babu inda matashi zai yi wannan bauta. Ina ganin ya ɗan zarce, domin kowane tsoho na ganin hanyar da ya bi ita kaɗai ce hanya, kuma Birtaniya ba ta daina fitar da gwanaye ba. Inda nake tare da shi shi ne batun 'yan kallo: garin da ba shi da 'yan wasansa ba zai iya cewa mun san ta tun tana tuntuɓe ba.

Macbeth ɗin rumfar kwano ya tsira, domin an ɗauke shi don talabijin aka nuna a 1979, kuma har yau ana samunsa. Kyamara ta matso da fuskarta kusa fiye da yadda kowane ɗan kallo ya gan ta, ta kuma yanke mutanen da ke zaune a bakin da'irar suna numfashi tare da ita. Duk da haka kururuwar tana nan, mai shakka zai iya kunnawa ya auna maganar Billington da kunnensa. Wanda ke son ya auna Saint Joan ta Nottingham, ko matar Macbeth ta farko da ɗaliban Najeriya suka yi wa dariya, sai dai ya nemi tsohon da ya je kallo a daren, in yana raye.